Bad Blood: Kalmar da ta Fito daga Ɗakin Likita

Wani malamin makaranta ya aiko mana da tambaya, ya ce ya karanta a jaridar Turanci cewa akwai bad blood tsakanin wasu manyan 'yan siyasa biyu, shin baƙin jini ke nan ake nufi? To, Malam, ba shi ba ne. Baƙin jini a wurinmu ƙaddara ce da ke hawa kan mutum guda, jama'a su ƙi shi ko da bai taɓa cuta wa kowa ba, alhali kuwa abin da Bature ke nufi ba ya tabbata sai tsakanin mutum biyu ko gida biyu, wato daɗaɗɗiyar gaba wadda wani laifi ya haifar, ana gaisawa a baki, zukata kuwa ba sa ga maciji.

Game da asalin lafazin an yi saɓani. Wasu sun jingina shi ga jinin da akan zubar a rikicin dangi, inda kisa ke jawo ramuwa har jikoki. Ƙauli ne mai daɗin ji, amma ni dai hankalina ya fi kwanciya da na biyu, wanda ya mai da al'amarin ga ilmin ɗibbu na dā, wanda likita Jalinusu ya tsara, Ibn Sina ya faɗaɗa cikin littafinsa Alƙanun, Turawa kuma suka yi ƙarnuka suna karantawa, cewa jiki yana tsaye ne bisa ruwaye huɗu, jini da balgamu da safra'u da sauda'u, kuma halin mutum, fushinsa da fara'arsa, daga gwargwadonsu yake fitowa. Idan jini ya ɓaci sai zuciya ta ɓaci, magani kuwa a zubar da shi, kamar dai yadda wanzami ke kafa ƙaho ya janye mataccen jini. Hujjata ita ce Faransawa ma suna da lafazin mugun jini, amma su damuwa da zullumi suke nufi da shi, babu batun kisa ko fansa a ciki.

Ma'anar nan ta rashin lafiya ba ta mutu ba, har ma da ita aka aikata wani babban zalunci. A shekarar 1932 Hukumar Kiwon Lafiyar Jama'a ta Amurka ta tara baƙar fata 600, akasarinsu talakawan manoma, a gundumar Macon ta jihar Alabama, 399 masu ɗauke da tunjere, 201 lafiyayyu, aka ce musu ana yi musu maganin bad blood ne, domin a bakin mutanen wurin kalmar ta haɗa tunjere da ƙarancin jini da yawan kasala. Aka yi musu alkawarin abinci da duba lafiya kyauta da kuɗin jana'iza, alhali maƙasudin likitocin shi ne su zuba ido su ga yadda cutar ke cin mutum idan an ƙyale ta, har bayan da allurar fenisilin ta tabbata magani wajen 1947 ba a ba su ba. Shekara 40 ana wannan ta'asa, wadda aka fi sani da binciken Tuskegee, sai a 1972 'yar jarida Jean Heller ta fallasa, Shugaba Clinton kuma bai nemi gafara da sunan gwamnati ba sai a 1997.

A yau dai ma'anar gaba ce ta yi rinjaye, a bakin masu sharhin siyasa da na ƙwallo, har mawaƙiya Taylor Swift ta raɗa wa wata waƙarta ta 2014 wannan suna. Idan Malam zai fassara wa ɗalibansa, ya ce akwai jiƙaƙƙa tsakaninsu.