Tarihin Warware Manhaja: Daga San Diyego Zuwa Bakin Tiga

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata dabara wadda masana kwamfuta suka daɗe suna amfani da ita, wato warware manhaja domin gane yadda aka shirya ta alhali rubutunta na asali ba ya hannu.

Sanin kowa ne cewa ɗan Adam yana rubuta manhaja da harshen da zai iya karantawa, kamar Fortran da ya fito a 1957. Daga nan wata manhajar, wadda za mu kira maharhaɗi, ta juya rubutun zuwa harshen inji, wanda lambobi ne zalla. Mawarwari, wanda Turawa ke kira dikamfaila, shi ke ƙoƙarin komowa da baya. To, amma komowar ba ta cika. A wajen harhaɗawa sunayen da marubuci ya raɗa wa abubuwa sukan zube, haka ma bayanan da ya yi a gefe. Misalinsa kamar masaƙin da ya warware zanen wani: zai ƙidaya zare, ya gane yadda aka gitta shi, amma dalilin da ya sa mai shi ya zaɓi wannan gittawar sai dai ya yi kirdado.

An fara wannan aiki ne a 1960 a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka da ke San Diyego, inda Joel Donnelly da Herman Englander, a ƙarƙashin Maurice Halstead, suka shirya mawarwarin da ke mai da harshen inji zuwa harshen Neliac. Abin lura a nan shi ne, ba kayan wani suka nufa ba. Nasu ne suke neman ceto, domin a wancan zamani in an sauya kwamfuta, tsohuwar manhaja ba ta aiki a kan sabuwa.

Da manhaja ta zama hajar kasuwa sai magana ta koma gaban alƙali. A 1991 Tarayyar Turai, wadda a lokacin ake kira Ƙungiyar Ƙasashen Turai, ta halatta warwarewa in manufar ita ce manhajoji biyu su yi aiki tare. A 1992 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Sega da Accolade. Ta fuskar ilmi, kundin digiri na uku na Cristina Cifuentes a Ostareliya, a 1994, shi ya tsara hanyoyin aikin filla-filla. Hex-Rays ya fito a 2007, sannan a 2019 hukumar tsaron Amurka ta NSA ta saki Ghidra kyauta. A ganinmu wannan na ƙarshe ya fi shafarmu, domin ya kau da uzurin tsada.

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai ke shiga wannan hali. A 2017 Microsoft ya gyara wata tsohuwar manhajarsa ta rubuta lissafi, sai masu bincike suka lura cewa a kan harshen inji kai tsaye aka yi gyaran, abin da ya sa suka yi zaton rubutun asali ba ya hannun kamfanin. A farkon 2018 aka janye ta ɗungurungum.

Yanzu bari mu dawo gida. Lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, injin ban-ruwa ƙarfe ne da mai. Bakanike yana kwance shi, ya ga abin da ya ci, ya mayar. A yau famfon da ke aiki da hasken rana a Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa yana tafe da akwatin sarrafawa, a cikinsa kuwa manhaja ce wadda ba a sayar mana da rubutunta ba. In kamfanin ya rufe, ko ya daina yin wannan samfuri, bakaniken Kwanar Ɗangora ba shi da abin kwancewa, sai a ce a sayi sabo, ga kuwa tumatir da albasa suna jiran ruwa. Saboda haka muna ba da shawarar abu biyu ga wannan taro: sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu su sa karatun harshen inji da aiki da Ghidra cikin darussansu, hukumomin da ke sayo irin waɗannan na'urori kuma su sa sharaɗin ajiye rubutun asali a hannun amintacce tun a takardar kwangila.