Matar Ɓatacce: Daga Duwatsun Kurdawa Zuwa Ganuwar Rano

Mu mutanen Rano da Kibiya, idan aka ce tarihi, abin da muka fi riƙewa sunayen maza ne. Mun san Rano tana cikin Hausa Bakwai, mun san kirarin Autan Bawo, mun san ana lissafa mu da Kano a matsayin sarakunan baba saboda rini. Amma akwai wata da ba ta cikin jerin sarakuna, ba ta cikin kirari, alhali ita ta riƙe gida lokacin da yaƙi ya ci ƙasar nan: matar da mijinta ya fita da safe bai dawo ba, kuma ba a kawo gawarsa ba. Abin mamaki, sai da muka karanta tarihin wasu mutane masu nisa da mu, wato Kurdawa, sannan muka tuna da ita.

Kurdawa al'umma ce ta fiye da mutum miliyan 25, mafi yawansu Musulmi, kuma daga cikinsu Salahuddin Al-Ayyubi ya fito. Ƙasarsu duwatsu ce, kuma an raba ta tsakanin Turkiyya da Iran da Iraƙi da Siriya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa, sai yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta rufe ta. A 1946 suka kafa jamhuriya a Mahabad cikin Iran, ba ta cika shekara ba aka rushe ta, aka rataye shugabanta Ƙazi Muhammad a 1947. Shi ya sa suke da karin maganar da ke cewa ba su da aboki sai duwatsu. Mayaƙansu kuwa suna kiran kansu Feshmarga, wato masu fuskantar mutuwa.

Mafi munin abin da ya same su ya zo ne a 1988, gab da ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi. Gwamnatin Saddam Hussaini ta ƙaddamar da farmakin da ta kira Anfal, a ƙarƙashin Ali Hassan Al-Majid. A ranar 16 ga Maris ta wannan shekara aka zuba wa garin Halabja iskar guba, mutum wajen 5,000 suka mutu. A ƙauyuka kuma salon daban ne: a tara mutane a sansani irin na Topzawa kusa da Kirkuk, a ware maza gefe guda, a loda su a motoci, shi ke nan. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 50,000 zuwa 100,000, su Kurdawa suna cewa 182,000. Sai bayan faɗuwar Saddam a 2003 aka samu damar tono manyan kaburbura a hamadar kudancin Iraƙi.

Tsakanin 1988 da ranar tonon nan, dubban mata sun zauna a wani hali da ba shi da suna: ba matan aure ba, ba zawarawa ba. Babu gawa, babu takardar mutuwa, saboda haka babu takaba, babu rabon gado, babu sabon aure. Da yawansu sun yi aikin ƙwadago sun ciyar da 'ya'ya, suna sauraron ƙarar kowace mota da ta tsaya a ƙofar gida. Kurdawa suna da shahararren labarin soyayya, na Mem da Zin, wanda malaminsu Ahmad Khani ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 17, inda masoyan biyu suka mutu aka binne su kusa da juna. Matan Anfal ko wannan ba su samu ba. Zin ta san inda kabarin Mem yake.

To, ina ruwan Rano da wannan? Ruwanta shi ne, mu ma mun yi maƙwabtaka da mutanen dutse masu yaƙin ƙin mallaka, sai dai mu a ɗaya gefen muke. Idan ka tashi daga Kibiya ka nufi gabas maso kudu ta Garko da Sumaila, ba za ka daɗe ba sai ka shiga ƙasar Ningi ta Jihar Bauchi. Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza daga Tsakuwa ya ƙi amincewa da kuɗin ƙasar da ake karɓa a hannun Musulmi, yana ganin ba shi da tushe a shari'a. Ya kwashi almajiransa ya yi hijira zuwa waɗannan duwatsu. A can ya tarar da Butawa da Warjawa da Pa'awa, mutanen da suka daɗe suna shan hare-haren neman bayi da neman gandu daga masarautun da ke kewaye da su. Fushin malami ya haɗu da fushin mutanen dutse, aka samu ƙasar da ta gagari Kano da Bauchi da Zazzau fiye da shekara hamsin.

Bayan Hamza an yi shugabanni irin su Abubakar Ɗan Maje, da Haruna Ƙarami, da Usman Ɗan Yaya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita yaƙi da su bai iya murƙushe su ba. Sarkin Bauchi Ibrahim kuwa har ribaɗi ya gina a Rauta ya tare a can domin tsare hanyarsu. Dalilin gagararsu bai da wuyar ganewa: ƙarfin sarakuna a kan doki yake, doki kuwa ba ya hawa dutse. Ningawa sukan sauko su kai hari kudancin Kano, su kwashi mutane da dabbobi, kafin rundunar birni ta iso sun koma inda ba a iya bin su. Haka aka yi ta yi har Turawa suka isa Ningi a 1902, sannan suka ci Kano a Fabrairun 1903.

Garuruwanmu na kan wannan iyaka. Wanda ya duba ragowar ganuwar Rano, ko ya lura da sunaye irin su Kafin Malamai da Kafin Chiri a ƙasar Garko, zai gane irin zaman da kakanninmu suka yi. Kafi shinge ne na itace da ƙaya da ake kewaye gari da shi, kuma ba a yin sa sai inda barci ba ya yiwuwa. Manomi yana fita gona da fartanya a kafaɗa ɗaya, kwari da baka a ɗaya. Duwatsu irin na Rurum ba abin kallo ba ne a lokacin, mafaka ne. Wanda aka rutsa da shi a gona ko a hanyar kasuwa, ba lalle a kashe shi ba. Galibi kama shi ake yi. A nan ne matarsa take shiga halin da matan Anfal suka shiga bayan fiye da shekara ɗari.

Malamanmu sun san wannan hali, domin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure har gobe. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, matar ɓatacce za ta kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, idan ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta iya yin aure. Amma wanda aka san kama shi aka yi a hannun abokan gaba, hukuncinsa ya fi tsanani: muddin akwai abin ciyar da ita daga dukiyarsa, matarsa tana nan a matsayin matarsa har sai an tabbatar da mutuwarsa, ko a kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Ka yi tunanin yarinya mai shekara ashirin da goyo a baya, an gaya mata wannan. Ta ci gaba da jira, ƙuruciya ta wuce. Ta nemi rabuwa saboda yunwa, wata rana ya dawo ya same ta a ɗakin wani.

A irin wannan zamani soyayya ba a baki take ba, a fansa take. Idan labari ya zo ta bakin fatake cewa an ga wane a wuri kaza, sai dangi su haɗa kai: a sayar da saniya, a sayar da turmin zane, a ci bashi, a tara wuri jaka-jaka, a nemi amintaccen da zai iya shiga tsakanin ɓangarorin biyu. Muna da shaida a kan haka daga bakin mace. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa a kudu maso yammacin Kano, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. A ciki ta faɗi yadda mahara suka kwashe matan gidansu, da yadda maza suka bi sawu gari-gari har suka fanso su da kuɗin wuri. Ba Ningawa kaɗai ke kai hari a lokacin ba, amma hanyar dawo da naka guda ce ko'ina.

Gaskiya kuma ta hana mu tsayawa a nan. Rundunonin Kano ma sun shiga ƙasar Warji sun kwaso mata da yara, wasu suka ƙare a kasuwa, wasu a matsayin ƙwaraƙwarai a gidajen manya. Kamar yadda wata ke jira a Kibiya, haka wata ke jira a gindin dutsen Warji, da wani yare, da hawaye iri ɗaya. Abin da ɗan Ningi ke kira 'yanci, a wurin kakarmu shi ne ranar da aka tafi da mijinta. Abin da birni ke kira nasara, a wurin Bawarjiya shi ne ranar da aka tafi da 'yarta. Tarihin Kurdawa ya koya mana tausayin mutanen dutse, namu kuma ya koya mana cewa dutsen ma yana da nasa laifin. A yau Rano da Ningi muna auren juna, muna cin kasuwa ɗaya, kuma ba mamaki jinin wancan ɓangaren yana jikin da yawa daga cikinmu.

Ba domin nishaɗi muka tono wannan ba. Matar ɓatacce ta dawo ƙasarmu. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da rajistar fiye da mutum 20,000 da suka ɓata a Nijeriya, mafi yawansu sanadin rikicin arewa maso gabas. Kalmar kuɗin fansa, wadda kakanninmu suka zaci ta tafi tare da wuri, ga ta nan kullum a wayoyinmu. Kurdawa sun gina wuraren tunawa a Halabja da Chamchamal, suna ta tattara sunayen mutanensu. Mu kuwa sunayen waɗanda aka kama a gonakin Rano da Kibiya sun bi tsofaffi zuwa kabari, saura kaɗan.

Duk mai kaka a raye, ya zauna kusa da ita ya danna naɗar murya a wayarsa, ya tambaye ta: a gidanmu wa aka taɓa kamawa, wa ya fanso shi, wa ta jira? Wanda kuma ke da maƙwabciya da mijinta ya ɓata a wannan zamani, kada ya jira tarihi ya tuna da ita. Ya leƙa ya ga ko an ɗora tukunya. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka tafi ba a ga gawarsu ba, Ya sanyaya zuciyar masu jira.