Aska takwas a cikin gilashi

A 1916 aka ware wa Hausawan Ibadan wannan unguwa ta Sabo. Idan ana ba da labarin kakanninmu, goro da shanu ake ambata, sai ka ce ba su zo da komai ba bayan waɗannan. Alhali sun zo da allura da zare, kuma abin da ke wuyan rigunansu ya daɗe da riga su isowa ƙasar Yarbawa.

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, saƙa da rini ne suka fi ɗaukar hankalinsa, har ya yi bayanin yadda kayan Kano ke kaiwa Timbuktu. A wancan zamani babbar riga takan ratsa hannu da yawa kafin ta hau jiki. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya harhaɗa, sannan wani, sau da yawa malami ko almajiri wanda hannunsa ya saba da alƙalami, ya zana aikin a kan aljihu da wuya. Sai mai allura ya zauna wata da watanni yana cikewa. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, gidan biyar, tambari, dagi. Kano da Zariya da Bida da Ilorin duk sun yi suna a wannan aiki, kuma ta Bida da Ilorin ne ya gangaro kudu ya zauna a ƙirjin agbada.

Ko yadin ma haka. Abin da muke kira saƙi, mai ɗige-ɗigen zabo, shi ne etu a wajen maƙwabtanmu. Tsamiya ita ce sanyan. Jan silikin da ake ketowa da shi Sahara daga Tarabulus, alharini, shi suke kira alaari. To, mutum ya je biki a Mokola ya ga waɗannan ukun a jikin dattawa, ai 'yan gida ya gani.

Daga baya tsofaffin rigunan suka koma cikin gilashi. An buɗe gidan tarihi na Onikan a Legas a 1957. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana bin masu aikin riga da hula yana rubuta sunayen zanensu, kuma a 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. Wato Bature ya tsaya ya tambayi sunan kowace aska, mu kuwa yau ka tambayi yaron shago sunan aikin da yake bugawa, sai ya ce maka "dizayin ne, a waya na gani".

Ba laifin yaron ba ne shi kaɗai. Injin kwamfuta yana gama wuyan riga a yini ɗaya, mai shadda kuma yana son kayansa kafin Sallah. Amma hoton waya ba ya nuna maka bayan aiki, ko kaurin zare, ko yadda aka yi wa gindin riga shafi da alharini don ja ya leƙo idan mutum ya naɗe hannu a kafaɗa. Wannan sai ido da ido.

Masu tsara tufafi na wasu wurare sun daɗe da gane haka. Yves Saint Laurent na Faransa ya ɗauko zanen Mondrian ya mayar da shi riga a 1965, har yau ana maganarta. A Legas, masu ɗinkin zamani suna zuwa gidan zane na Nike Davies-Okundaye a Lekki su ƙare wa adire kallo kafin su ɗauki almakashi.

Mu ma muna da gidan tarihi a Alesinloye, kuɗin mota kaɗan ne daga nan. Sannan akwai wanda ya fi shi kusa: adakar tsofaffinmu. A gidajen Sabo ba a rasa girke ko tsamiyar kaka da aka naɗe tun rasuwarsa, asu yana ci. Telolinmu su roƙa a buɗe musu, su ɗauki hoto ciki da waje, su tambayi sunan aikin tun masu iya faɗa suna da rai.