Begen Bedford a Tafo: Motar da Masu Ita Suka San Cikinta

Idan hira ta yi nisa tsakanin tsofaffin direbobin Tafo, unguwar da ke Kumasi a ƙasar Gana, ba ta rasa komawa kan Bedford mai bodin katako, da Marsandi mai gajeren hanci, da Fijo 404 da ƙanwarta 504. Hukuncin kullum ɗaya ne: motocin da ƙarfe ne, na yanzu gwangwani. Amurkawa ma suna fama da irin wannan bege. A can motocin da ake kewa su ne masu ƙaton inji mai silinda takwas, irin su Pontiac GTO da ta fito a 1964 da Dodge Charger da Chevrolet Camaro, waɗanda tashensu bai wuce shekara goma ba kafin dokar hayaƙi ta 1970 da tsadar inshora da rikicin mai na 1973 su karya musu kasuwa. Har yau jikokin waɗanda suka tuƙa su suna zuba dukiya don su mallaki ɗaya. Sai dai abin da Ba'amurke yake kewa gudu ne da rurin inji da ƙuruciyarsa. Bedford kuwa ba ta taɓa yin suna da gudu ba. A ganina abin da mutumin zango yake bege shi ne zamanin da mota take hannun masu ita ciki da bai: su suka gina rabinta, su suka san ciwonta, su suke yi mata magani, kuma da ita suka riƙe fataucin da kakanninsu suka yi da ƙafa.

Sai an duba hanyar kafin a gane motar. Kafin zuwan Turawa, fataken Kano da Katsina ba sa shiga Kumasi sayen goro. Sarakunan Asante sun tsayar da su a Salaga, can ƙasar Gwanja, inda ayari ke sauke jakuna ya jira kaya. Da sojojin Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta, fatake suka watsu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, daga baya suka shigo Kumasi kanta suka kafa zanguna. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, wasu attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka koma aika goro Legas ta jirgin ruwa. Amma dogo bai taɓa wuce Kumasi ya nufi arewa ba, har yau ɗin nan. Duk abin da zai haura ko ya gangaro sai ya bi titi, kuma babban titin arewa na wancan lokaci shi ne wanda ya ratsa Tafo, ya hau tsaunin Mampong, ya bi Ejura da Atebubu zuwa Yeji, a haye kogin Volta da fito, a kama hanyar Salaga da Tamale. Tafo tana bakin wannan hanya. Goro yana haurawa, doya da albasa da dabbobi suna gangarowa, mai gida yana nan yana saukar da baƙi yana tsaya musu a ciniki kamar yadda aka saba tun zamanin ayari. Direba ya gaji wani abu daga girman madugu, domin shi ya san hanya, shi ake damƙa wa amanar rai da dukiya.

Motar da ta yi wannan aiki rabinta kawai Bature ya ƙera. Kamfanonin Turawa suna shigo da inji da ƙashin mota da hancinta, sauran kuma aikin kafintocin gida ne. Su ke ɗora bodin katako, su yi rumfa, su jera alluna a gicciye don zaman fasinja, allunan da ake zarewa idan an samu lodin huhunan goro ko buhunan masara. Daga nan mai fenti ya karɓa, ya rubuta a goshinta abin da mai ita ya zaɓa, da Turanci ko Tuwi ko Hausa ko Larabci, addu'a ko habaici ga maƙiya. Ba a samun biyu iri ɗaya, shi ya sa ake kiran mota da rubutun goshinta, a san ta tun daga nesa. Karen mota yana maƙale a baya da guntun katako a hannu. Idan ta sare a hawan Mampong sai ya dira da gudu ya tokare taya kafin ta koma da baya. Yaro yakan shekara da shekaru yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana zuba ruwa a lagireto, yana miƙa wa maigidansa sifana, kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. Ranar da ya zama direba ya riga ya san injin da kunne. Samfurin TJ da kamfanin Bedford ya fara fitarwa a 1958 ya samu irin wannan rayuwa a Sudan da Pakistan, inda maƙera suka mayar da shi nasu, kuma dalilin ɗaya ne: mota ce mai sauƙin fahimta, babu abin da ta ɓoye wa mai sifana.

Maƙwabciyar Tafo, wato Magazin ta Suame, ita ce babbar shaida. Masu gyara sun fara taruwa a Kumasi tun shekarun 1930, har Magazin ta zama ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai a Afirka. Gwanintarsu ta fito fili ne a ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, lokacin da tattalin arzikin Gana ya durƙushe, kuɗin waje ya ƙafe, kayan gyara suka ɓace daga kantuna. Abin da ba a iya saya sai aka koma ƙera shi: a sassaƙa ƙarfe a injin juyi, a narka tsoho a zuba sabo, a yanka roba daga tsohuwar taya, a ɗauko injin wata mota a zaunar da shi a cikin wata. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da sana'a a cikin Magazin don ta ƙarfafa wannan aiki. Ko a 2013 masu sana'ar wurin, tare da wasu 'yan ƙasar Holan, sun haɗa mota sukutum da suka kira Turtle 1 daga sassan motoci daban-daban, aka kai ta Holan aka nuna.

Mai suka zai ce duk wannan ado ne ake yi wa wahala, kuma yana da hujja. Motocin nan sun ci rayuka. Birkinsu ba abin dogaro ba ne, bodin katako idan ya kife babu abin da ke kare fasinja, zaman allo daga Kumasi zuwa Yeji kuwa azaba ce. Daɗewar da suka yi a kan titi ma, in za a faɗi gaskiya, rashin kuɗin sayen sabuwa yana da kaso babba a ciki. Akwai kuma abin da zango bai manta ba: a irin waɗannan motoci aka loda iyalai da tabarminsu da tukwanensu bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, mutanen da wasunsu a Kumasi aka haife su. Duk wanda ya ce zamanin daɗi ne zalla bai yi adalci ba. Amma wannan suka ta taɓa lafiyar motar ne da halin ƙasar, ba ta taɓa abin da nake magana a kai ba. Talauci ya tilasta gyara, gaskiya ne, sai dai da motar ba ta gyaruwa da talaucin ya kashe ta a shekara biyar. Ta rayu ne don ilimin da ke riƙe da ita yana nan a unguwa, a hannun mutanen da ake sallah da su sahu ɗaya.

Wani kuma zai ce motar yau ta fi ta da ta kowace fuska, ga ƙarancin shan mai, ga kariya idan an yi hatsari, don haka begen saurayin da bai taɓa shiga Bedford ba kwaikwayon bakin dattawa ne kawai. Fifikon motar yau ba abin musu ba ne. Abin tambaya shi ne a hannun wa ilimin ya koma. Motocin da ke saukowa a tashar jiragen ruwa ta Tema kwamfuta ce ke tafiyar da injinsu, idan sun yi ciwo sai an jona na'ura ta karanta, sau da yawa kuma maganin shi ne a cire sashe a sayo wani. Bakaniken da ubansa ke ƙera abu ya koma mai musanya abu. Saurayin Tafo da ke sauraron labarin Bedford da marmari yana jin labarin sana'ar da ke mayar da yaron da ba shi da takardar makaranta maigida mai mota da almajirai. Wannan ba kwaikwayo ba ne, domin a idonsa ƙofar take ƙanƙancewa. Hanyar ma ta juya: tun da madatsar Akosombo ta cika tafkin Volta a tsakiyar shekarun 1960, fiton Yeji ya yi faɗi, manyan motocin arewa suka karkata ta Techiman da Kintampo da Buipe.

Bambanci na ƙarshe da Amurka shi ne a Tafo ba a ajiye tsohuwar mota don ado. Tana aiki har ta mutu, sannan 'yan gwangwan su yanka ta a kai wa masu narka ƙarfe a Tema. Saboda haka ba ƙarfen za a ceto ba, damar gyaran ce ake iya karewa, kuma a nan Amurkawan da kansu sun nuna hanya: jihar Massachusetts ta yi doka a 2012 da ta tilasta wa kamfanonin mota su buɗe wa ƙananan gareji bayanan gyara da na'urorin bincike irin waɗanda dillalansu ke amfani da su. Volkswagen ta fara haɗa motoci a Akara a 2020, Toyota ta biyo baya a Tema a 2021. Gwamnatin da ta yi musu rangwamen haraji tana da bakin da za ta nemi su koyar da makanikan Suame da Tafo karatun injinan da suke sayarwa, su kuma sayar musu da na'urorin a farashin da ɗan gareji zai iya biya.