Tace Narkakken Ƙarfe daga Ruwan Burtsatse a Ƙasar Bagudo

Ƙarfen da ke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa a narke yake, ido ba ya ganinsa, domin iskar oksijin ta yi ƙaranci a can. Shi ya sa ruwan burtsatse kan fito garau, amma da ya sha iska a randa sai ya yi ja, ya yi ƙarni, ya ɓata fararen tufafi. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007 ya tsayar da iyakar ƙarfe a miligiram 0.3 cikin kowace lita. Ƙarfen kansa ba kasafai yake cutarwa ba. Illarsa ita ce korar mutane zuwa ruwan Kwara da tafkuna, inda ƙwayoyin cuta suke.

Ƙasar Bagudo, daga Illo da Lolo zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, tana da marmara da yumɓu da yashi, kuma yankin Ka'oje yana da ma'adinin manganis. Duk waɗannan suna iya kama ƙarfe. Narkakken ƙarfe yana maƙalewa a jikin ƙwayar ma'adinin, oksijin ya mayar da shi tsatsa, tsatsar ta zama sabon rufi mai kama wani ƙarfen. Saboda haka tsohon yashin matata, wanda ya yi ja, ya fi sabo aiki. Manganis yana hanzarta wannan sauyi, sai dai dole a gwada shi tukuna, don kada ya narke cikin ruwan ya ƙara matsala. Ruwa mai tsami kuwa yana rage kamun ƙwarai.

Garin farar ƙasa yakan yi abin a zo a gani a ɗakin gwaji, amma a bakin famfo toshe matata yake yi. Abin da ya fi dacewa shi ne tsakuwar marmara da yashi, bayan an watsa ruwan cikin iska, irin tsarin da cibiyar CREPA ta Wagadugu ta gwada a ƙauyukan Burkina Faso. Yana buƙatar wanki akai-akai, kuma nan ne matatu da dama ke mutuwa.

Kafin a gina matata, wajibi ne a gano tushen ƙarfen. Idan ruwan ya yi ja da asuba, sannan ya washe bayan an jima ana tuƙa famfo, to bututun ƙarfe ne ke tsatsa, kuma maganinsa sauya shi da na roba.