Tarihin Ɓera Mai Ƙiba da Abin da Ya Koya wa Likitoci

Yau maganarmu a kan ƙiba ce, amma da labarin ɓera za mu fara. Kada ku yi dariya, gama da yawa daga cikin magungunan da kuke karɓa a ɗakin shan magani, a jikin ɓera aka fara gwada su.

A garin Bar Harbor na ƙasar Amurka akwai wani gidan bincike da ake kira Jackson, inda ake kiwon ɓeraye domin aikin likita. A shekarar 1949 ma'aikatan wurin suka ga abin mamaki: wasu 'yan ɓeraye ba sa ƙoshi, kullum sai ci, har ɗaya yakan kai nauyin ɓera uku. Ga shi kuwa iyayensu sirara ne. Da aka bi diddigi, sai aka gane gado ne ɓoyayye. In uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kusan ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke fitowa da wannan ƙiba.

To, mene ne ya ɓace a jikinsa? Wani masani, Douglas Coleman, ya ɗinke ɓera mai ƙiba da lafiyayye gefe da gefe, yadda jininsu zai gauraya. Sai mai ƙibar ya rage ci, ya fara ramewa. A 1973 ya bayyana cewa lalle akwai wani abu cikin jini da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, shi ne wannan ɓera ya rasa.

Aka yi shekara 21 ana nema. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano ƙwayar gadon da ta lalace. Ashe kitsen jiki ne da kansa yake fitar da wannan sinadari, aka sa masa suna leptin. Da aka yi wa ɓeran allurarsa, sai ya dawo daidai.

A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami yara biyu 'yan dangi ɗaya masu irin wannan rashi. Daga baya allurar ta yi wa irin waɗannan yara aiki ƙwarai. Amma ku lura: masu wannan ciwo kaɗan ne a duniya. Yawancin masu ƙiba suna da leptin da yawa a jininsu, saboda haka allurar ba ta ramar da su.

Me za mu ɗauka a nan? Na farko, kada ku yi wa yaro mai ƙiba ba'a ko ku ce haɗama ce kawai; wani da yunwarsa aka haife shi. Na biyu, gado ba dalilin naɗe hannu ba ne. In iyayenka masu jiki ne, kai ya fi kamata ka rage mai da sukari, ka riƙa tafiya da ƙafa, gama ƙiba tana jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku, mata ku guji ƙwayoyin nan na "sha ka fashe" da ake sayarwa a kasuwa.

Ku zo a ɗora ku a sikeli, a auna jininku. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.