Wankan Jariri a Hunturu: Daga Gadon Ƙasa Zuwa Ɗakin Kwano

Iyayena, yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, da mazajenmu da ɗiyanmu masu karanta mamu wannan takarda, barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah ya maimaita mamu cikin lafiya da zaman lafiya.

Da aka ce in rubuta tarihin wani abu namu na mata, sai na zaɓi wankan jariri a lokacin hunturu. Wata za ta ce, wanka ma har yana da tarihi? Ai kuwa yana da shi. Ni da nake kasa sabulu da kanwa da basilin da robar wanka a kasuwa, a kan faifaina ma ina ganin yadda abin yake canzawa. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in iska ta taso daga arewa da hazo, akwai daren da sanyi ke sauka kusa da digiri 12. Babba ma yana maƙyarƙyata, balle ɗan kwana uku da aka tsoma a ruwa.

Yadda kakanninmu suka yi

Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun san abu ɗaya sarai: sanyi maƙiyin mai jego ne da abin da ta haifa. Duk tsarin jego a kan wannan aka gina shi.

Na farko ɗakin ne. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko soro mai azara ko mai jinka, yana shan rana da yini, da dare ya riƙa sakin ɗumi a hankali. Ƙofa ƙarama, taga 'yar mitsitsiya, ga asabari. A ciki akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, gado ya ɗauki zafi har asuba.

Na biyu itace. Tun ciki na wata bakwai miji ke tara itacen wanka, kuma namijin da matarsa ta haihu babu tarin itace a bayan ɗaki ya shiga bakin gari. A kafa tukunyar ƙasa babba a murhu, ruwa ya tafasa safe da yamma har kwana arba'in, wasu ma su zarce.

Na uku hannuwa. Mai cikin fari gida take tafiya goyon ciki. Ungozoma na zuwa kullum. Ita ke zama a kujera 'yar tsugunne, ta miƙe ƙafa, ta kwantar da jinjiri a kai, ta wanke shi da sabulun salo, ta gasa mashi cibi, ta shafe shi da man shanu ko man kaɗanya. Kaka na gefe da zane a buɗe, ana tsame shi tana cafewa. Wata na kula da wuta, wata na dama kunun kanwa. Jariri ba ya minti ɗaya a jiƙe yana jiran a nemo mashi abin rufa.

Wannan ba a Wurma kaɗai ba ne. A ajin yaƙi da jahilci muka ji labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, littafin ya fito a 1954. Abin da ta faɗa kan haihuwa da wankan ruwan zafi da suna, kusan ɗaya ne da abin da kakanninmu suka ba mu labari.

Amma kada mu ɗauka al'adar a tsaye take wuri guda tun fil azal. Ku dubi ganyen wanka. Yau kowa bedi yake karyowa, wato dogon yaro ko darbejiya. To bedi baƙo ne, asalinsa ƙasar Indiya, sai a 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga nan ya bazu. Kafin shi da ganyen tsamiya da makamantansa ake fyaɗa ruwa. Kanwar ma fatake ke kawo ta daga gabas, wajen Borno da ƙasar Manga, a kan jakuna da raƙuma. Ashe tun da can, in abu mai amfani ya zo, mata na karɓa.

Gida ya canza, wanka bai canza ba

Daga shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur, kwano da bulo da siminti suka fara shigowa ƙauyuka. Kowa na son ɗakin kwano, ba ruwanka da yaɓe kowace damina. Sai dai kwano ba ya riƙe zafi. Da rana kamar tanda, da asuba kamar randa. Daɓen siminti kuma ya fi daɓen ƙasa sanyi. Gadon ƙasa ya tafi, gadon ƙarfe ya zo, bayansa na katako da katifa.

Itace ma ya yi nisa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye daji. Ga rashin tsaro. Tun harin da aka kawo wa garin nan a watan Agusta na 2019, Allah ya kiyaye gaba, shiga daji neman itace ya zama abin tunani. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi, itace da gawayi suka bi shi.

Hannuwan ma sun ragu. Kaka tana kasuwa ko tana gona tana neman na tuwo, ƙanne suna makaranta, wata amaryar kuma aure ya kai ta Dutsin-Ma ko Katsina, tana ɗakin haya ita kaɗai. Tukunya ta koma garwa, garwa ta koma rabin duro, ƙwarya ta koma roba. Amma lokacin wanka yana nan yadda yake: da sassafe kafin rana ta fito, da kuma bayan magariba, wato daidai lokacin da sanyi ya fi cizo. Muka riƙe wankan, muka saki ɗumin da ke kewaye da shi. Nan matsalar take.

Abin da asibiti ya gano

Tun 1978 da aka yi taron Alma-Ata aka amince a kai kiwon lafiya kusa da talaka. A ƙasar nan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dage a kan ƙananan asibitoci na karkara. Jiharmu ta Katsina a tsakiyar wannan lokaci aka ƙirƙiro ta, a 1987. Daga nan awo da rigakafi suka fara zama abin yau da kullum, aka kuma riƙa kiran ungozomomi bita.

Likitoci sun fara duba wankan uwa ne kafin na ɗa. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka fitar da bayani a 1978. Sun ɗora zargi kan yawan kanwa da tsananin zafin wanka da gado. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ya nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki suna da babban hannu. Ko ma dai yaya, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ba sanyi ne ya shige ta ba balle a ƙara mata kanwa. Asibiti za a kai ta a ranar.

Game da jariri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 1997 kan tsare ɗumin jikinsa. Zafin jikin jariri mai lafiya daga digiri 36.5 ne zuwa 37.5. In ya yi ƙasa da haka, ya shiga haɗari. Dalili kuwa, kansa babba ne a kan jikinsa, fatarsa sirara ce, kuma ba ya iya rawar ɗari yadda babba ke yi jiki ya ɗumama. Sai ya riƙa ƙona ɗan kitse da sukarin jikinsa. In suka ƙare ya yi laushi, ya kasa tsotso, ciwo ya samu ƙofa. Ga abin lura: ruwan zafi ba ya hana wannan. Da an tsame shi iska ta buge jiƙaƙƙiyar fata, zafin da ya tafi ya fi wanda ruwan ya ba shi.

Shi ya sa hukumar ta ce a jinkirta wankan farko sai bayan awa 24 da haihuwa, in ya gagara ƙwarai, kada ya gaza awa 6. Na san nan ne iyayenmu ke ja. An ce in ba a dirje farin maiƙon nan ba, yaro zai tashi da warin jiki har girmansa. To maiƙon nan Allah ne ya shafa mashi, yana tsare fata da ɗumi, kuma da kansa yake shigewa. Jini da ƙazanta a goge su da busasshen zane mai tsabta, a ɗora ɗa a ƙirjin uwa, a rufe su tare, a ba shi nonon farko. Cibi kuma yanzu akwai man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ya ɗauke mamu gashi da tsingaro da toka.

Akwai wata dabara da ta faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Wani likita, Edgar Rey, ya ga kwalaben saka bakwaini sun yi kaɗan, sai ya sa uwaye su ɗaure 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata, dare da rana. Yara suka rayu, dabarar ta zagaye duniya har ta iso asibitocinmu. Ni da na ji bayaninta dariya na yi, na ce ai goyo ne aka juyo da shi gaba. Zane da majanyi muna da su tuntuni.

Abin da za mu riƙe

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Manufar kakanninmu ita ce kada sanyi ya taɓa jinjiri. Ga yadda za mu cika ta a ɗakin kwano.

A mayar da wanka hantsi ko azahar, lokacin da kwano ya ɗauki rana. Sau ɗaya ya isa, kuma a tsakiyar hunturu ba dole ne kullum ba. Ran da ba a yi ba, a goge fuska da wuya da hammata da wurin kunzugu da tsumma mai ɗumi.

Kafin a tuɓe shi a tara komai kusa: tawul biyu, riga, hula, safa, mai. A shanya su a rana su yi ɗumi. A rufe ƙofa da taga. A shimfiɗa tabarma ko buhu, kada a aje roba a kan siminti tsura.

A fara zuba ruwan sanyi sannan a surka da na zafi. Ki gwada da gwiwar hannu, don tafin hannunmu ya saba da murhu, ba ya faɗin gaskiya. In gwiwa ta ji zafi, ya yi mashi yawa.

Kada wanka ya wuce minti biyar zuwa goma. Kai a bar shi ƙarshe, a tsane shi nan take, a sa hula. Wannan ya fi muhimmanci bayan suna, da wanzami ya aske gashin da ke tare mashi iska. Ana gamawa sai ƙirjin uwa da nono.

Bakwaini, da duk wanda bai kai kilo 2.5 ba, ba a tsoma shi a ruwa. Gogewa ce da goyon ƙirji har ya yi ƙwari.

Kaskon gawayi kuma, don Allah a kiyaye. A ɗakin da aka toshe ko'ina, gawayi na fitar da guba marar wari marar launi, tana kashe mutum yana barci. In za a ɗumama ɗaki, a shigo da garwashin da ya gama ci, a fitar da shi kafin a rufe ƙofa, kuma ba a kwana da shi. Kafur da man zafi ma ba na jarirai ba ne. Ina sayar da su, amma mai jego in ta zo saye nakan gaya mata gaskiya, kafur a cikin kayan jariri yana iya tayar da shawara.

Ki riƙa taɓa tafin ƙafarsa da cikinsa. In ƙafa ce kawai ta yi sanyi, ki sa shi a ƙirji ki rufe. In har ciki ya yi sanyi, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya yi rauni, a tafi asibitin gari ko babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, yana ƙirjinki a hanya. Kada a jira gari ya waye.

Roƙona ga ƙungiya

Abin da ya ɓace mamu a tarihin nan ba gadon ƙasa ba ne kaɗai, hannuwan nan ne da ke kewaye da mai jego. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dalilin kafa ƙungiya ke nan. Ina roƙon shugabanninmu a taro mai zuwa a duba abu biyu. Na ɗaya, a ware wani abu daga adashi a sayi filas da tawul da huluna, duk 'yar ƙungiya ko ɗiyarta da ta haihu a hunturu a kai mata, filas ta dawo da shi bayan arba'in. Na biyu, a yi jeri, mace biyu su riƙa leƙa mai jego da hantsi har a yi suna, ɗaya na wanka ɗaya na riƙe da tawul. A gayyato ungozomominmu da ma'aikaciyar asibiti su zauna da mu rana ɗaya, don su ke da ilimin, kuma maganarsu surukai ke ji. Ku kuma maza, itacen wanka har gobe a wuyanku yake.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mamu abin da muka haifa, ya ji ƙan iyayenmu da suka raine mu a cikin sanyi.